Birkin Faifai Ba Ya Son Mai: Gargaɗi Ga Masu Keke

Yawancinmu da muka taso a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, keken da muka sani shi ne Raleigh ko Phoenix mai birkin sanda. Idan wani abu ya yi ƙara a jikinsa, maganin ɗaya ne: a ɗiga baƙin mai. To, yanzu da yawa daga cikin kekunan da yaranmu ke hawa a nan Tamanrasset birkin faifai gare su, wato wani zagayayyen ƙarfe a tsakiyar taya wanda takalma biyu ke matsewa. Tun wajen 1997 da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da nasa, irin wannan birki ya bazu a kekunan hawan dutse. Shi kuwa babban abokin gabarsa shi ne man nan da muka saba da shi.

Dalili shi ne takalmin birkin yana shan mai kamar soso. Ɗigo ɗaya daga sarƙa, ko ma maiƙon hannu, ya isa ya sa birki ya riƙa kuka ba ya kamawa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa abin na iya zuwa da sauƙi. Amma garinmu yana kan tudu, sama da mita 1,300, a gindin duwatsun Ahaggar, kuma mai gangarowa daga hanyar Assekrem da birki marar kamu, ransa ya sa a kasada.

Saboda haka faifai ba a shafa masa komai sai alkol da tsumma mai tsabta. Takalmin da ya sha mai kuwa, canza shi ya fi.

Abu na biyu ƙura. Rairayin nan namu yana cin takalmi sannu a hankali. Lokaci-lokaci a cire taya a leƙa. Kamfanin Shimano ya ce idan naman takalmin ya koma milimita 0.5 a canza shi, faifan kuma idan kaurinsa ya sauko zuwa milimita 1.5. Wanda ya bari har ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, zai sayi takalmi ya sayi faifai.

Idan faifai yana gugar takalmi alhali ba a kama birki ba, gyaran ba wuya. A sassauta kusoshi biyun da suka riƙe gidan birkin da alanki mai lamba 5, a matse hannun birki sosai, sannan a ɗaure su bi da bi ba tare da an saki hannun ba. Sau da yawa gidan zai daidaita da kansa. In kuwa gugar tana zuwa tana ɗaukewa, faifan ne ya lanƙwashe, sai a kai wa mai gyara.

Birkin iri biyu ne: mai waya da mai ruwa. A yawancin masu waya takalmi ɗaya ne ke motsi, don haka na cikin sai an riƙa matso da shi kusa da faifai yayin da yake cinyewa. Mai ruwa shi ke daidaita kansa, amma yana da dokoki biyu. Kada a matse hannunsa idan taya tana waje, domin takalman za su haɗe. Kada kuma a zuba man birkin mota, wato DOT, a birkin Shimano, domin nasa man daban ne, kuma na motar zai lalata robobin ciki.

Bayan an sa sabon takalmi, a sami fili a yi gudu kaɗan a kama birki, kamar sau 20, kafin a shiga titi.

Iyaye, kafin yaro ya fita da safe, mu matse hannayen birkin nan biyu mu tura keken gaba. Idan hannu ya taɓo kan keke, ko taya ta ci gaba da juyawa, yau sai ya tafi a ƙasa. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.