Yadda Manhaja Ke Ɗauko Saƙonnin Imel Daga Uwar Garke, Da Abin Da Mai Shago A Ɗambatta Zai Kiyaye

Tun bayan ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare a kasuwannin karkara. A Ɗambatta, wadda ke arewa da birnin Kano a kan hanyar Kazaure da Daura, mai sayar da taki da mai sayar da iri da dillalin shanu duk sun saba da jin "na tura, duba alat". Bankuna da dama kan aika sanarwar shigar kuɗi ta tes, su kuma aika kwafinta ta imel. Idan damina ta kama, ciniki ya kankama, sai sanarwar ta taru, a zauna da dare ana buɗe ta ɗaya bayan ɗaya ana kwafewa a littafin lissafi.

Wannan aiki ne da 'yar ƙaramar manhaja za ta iya yi cikin daƙiƙoƙi. Za ta shiga akwatin imel ɗin shagon, ta zaɓo sanarwar banki, ta zuba adadin kuɗi da lokaci a jadawali. Sai dai manhajar da aka rubuta da gaggawa tana iya cinye data, ko ta ɓatar da saƙonni, ko ta ƙirga kuɗin da bai shigo ba. A wurin da netwok ke ɗaukewa kuma data ke da tsada, manhaja mai kyau ita ce wadda ke neman kaɗan, ta tuna inda ta tsaya, ta bar komai yadda ta same shi.

Ina saƙon yake zaune?

Saƙon imel ba ya sauka kai tsaye a wayar mai shi. Yana sauka ne a wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ke ba da akwatin, kamar Gmail ko Yahoo ko Outlook. Wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke. Ƙa'idar da ke kai saƙo can sunanta SMTP, kuma tun shekarar 1982 ake amfani da ita. Ɗauko saƙo kuwa aikin wasu ƙa'idoji biyu ne daban.

Ta farko ita ce POP, wadda aka fitar a 1984, kuma nau'inta na uku, wato POP3, shi ne ake amfani da shi har yau. A bisa al'ada POP3 kan sauko da saƙonni zuwa na'urar mutum sannan ta share su daga uwar garke, sai idan an umarce ta da ta bar kwafi. Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. Ita tana barin saƙonni a uwar garke, manhaja ta leƙa ta ɗauki abin da take bukata kawai.

Manomi zai gane bambancin da wuri. POP3 tamkar mutum ne ya kwashe hatsin rumbu gaba ɗaya ya kai ɗaki. Idan gobara ta kama ɗakin, shi ke nan. IMAP kuwa tamkar a bar hatsin a rumbu ne, a riƙa ɗibar kwano ɗaya ko biyu gwargwadon bukata. Ga shagon da maigida ke duba imel a wayarsa, yaron shago kuma na da kwamfuta, IMAP ce ta dace, domin kowa zai ga abu ɗaya.

Mene ne aikin laburare?

Hira tsakanin manhaja da uwar garke tana da tsari mai tsauri, kuma rubuta ta daga tushe wahala ce marar amfani. Shi ya sa maginan manhaja ke amfani da laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, mutum ya kira su kawai. Yaren Python yana zuwa da imaplib da poplib a cikinsa, ba sai an sauko da komai ba, haɗe da wani laburaren mai suna email da ke warware saƙo. Masu Java na da Jakarta Mail, wanda a da ake kira JavaMail. Masu C# na da MailKit, masu Node.js kuma na da ImapFlow. Ga ɗalibin da ke koyo a tsohuwar kwamfuta, Python ta fi sauƙin farawa.

Ko wane laburare aka zaɓa, matakan iri ɗaya ne. Manhaja za ta fara haɗuwa da uwar garke ta adireshinta da lambar ƙofarta. Adireshin Gmail shi ne imap.gmail.com, na Yahoo kuma imap.mail.yahoo.com. Ƙofar IMAP mai tsaro ita ce 993, ta POP3 kuma 995. Tsofaffin ƙofofin 143 da 110 suna fara hira ne a buɗe, don haka idan ba a kunna musu tsaro ba, wanda ke kan layi ɗaya da mutum zai iya ganin kalmar sirrinsa. Daga nan sai manhaja ta gabatar da kanta, ta zaɓi jakar da za ta duba, galibi INBOX, ta yi bincike da umarnin SEARCH, ta ɗauko abin da ta samu da umarnin FETCH, sannan ta yi sallama da LOGOUT.

Kalmar sirri ta yau da kullum ba za ta yi ba

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Mutum zai sa adireshinsa da kalmar sirrinsa daidai, amma uwar garke ta ƙi shi. Dalili kuwa shi ne, tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya daina yarda manhajojin waje su shiga akwatin Gmail na ɗaiɗaikun mutane da kalmar sirri zalla. Microsoft ma ya rufe wannan hanya ga akwatunan Outlook na ɗaiɗaikun mutane a watan Satumban 2024.

A Gmail mafita biyu ce. Mai sauƙin ita ce mutum ya kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ya ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman ga manhajar, mai haruffa 16. Amfaninta shi ne ana iya soke ta ita kaɗai ranar da kwamfutar ta ɓace ko yaron shago ya bar aiki, ba tare da an taɓa ainihin kalmar sirrin ba. Ɗaya hanyar ita ce OAuth 2.0, inda mai akwatin ke ba da izini a shafin kamfanin, manhaja ta karɓi wata shaidar shiga mai ƙarewa bayan ɗan lokaci. Ta fi wuyar haɗawa, amma ita ce kamfanonin suka fi so, kuma ita ce hanyar Outlook a yanzu. Ko wacce aka bi, kada a rubuta kalmar sirri a cikin jikin manhajar da za a tura wa aboki ta WhatsApp. A ajiye ta a fayil na daban.

Nemi kaɗan, ka tuna inda ka tsaya

Saƙon imel yana da kai da gangar jiki. Kan yana ɗauke da sunan mai aikowa, take da kwanan wata, kuma ba shi da nauyi. Gangar jikin ce ke ɗauke da hotuna da takardun da aka maƙala. Tsarin base64 da ake naɗe waɗannan takardu da shi yana ƙara musu nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta yadda fayil mai megabayit 3 zai ci kusan 4. Manhaja mai tattali takan bar uwar garke ta yi tankaɗen: ta ce a nemo saƙonnin da suka fito daga adireshin banki daga rana kaza, ta ɗauko kawunansu, sannan ta sauko da jikin waɗanda take so kawai.

Abu na biyu shi ne alamar an karanta. Idan manhaja ta ɗauko jikin saƙo da umarnin BODY, uwar garke za ta yi masa alamar an buɗe, maigida ya duba wayarsa ya ɗauka babu sabon abu. Maganin wannan shi ne amfani da BODY.PEEK, wato leƙe ba tare da an taɓa alamar ba, ko a buɗe jakar da umarnin EXAMINE, wanda ke ba da damar karatu kawai.

Abu na uku ya fi kowanne muhimmanci inda netwok ke yankewa. Kowane saƙo a IMAP yana da lamba iri biyu. Akwai lambar jeri, wadda ke sauyawa da zarar an share wani saƙo a gabanta, kamar yadda layin masu jiran awo ke matsawa idan mutum ɗaya ya fita. Akwai kuma UID, lambar da ke manne da saƙon, kuma kullum ƙaruwa take yi. Manhaja ta riƙa ajiye UID na saƙon ƙarshe da ta gama sarrafawa, kuma ta ajiye shi ne bayan ta rubuta kuɗin a jadawali. Idan layi ya yanke a tsakiya, da ya dawo sai ta ci gaba daga nan, babu tsallake, babu ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu. Ta kuma ajiye wata lamba ta jakar mai suna UIDVALIDITY. Idan wannan ta sauya, tsofaffin lambobin sun tashi aiki, sai an sake lissafi daga farko.

Game da yawan leƙawa, babu bukatar manhaja ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kowace daƙiƙa. Umarnin IDLE, wanda aka fitar a 1997, yana ba ta damar zama shiru har uwar garke ta sanar da ita sabon saƙo, amma ana sabunta shi kafin minti 30 ya cika. Inda layi ba ya tsayawa, leƙawa duk bayan 'yan mintoci ta fi sauƙin sarrafawa.

Haruffa masu lanƙwasa

Asalin tsarin imel an gina shi ne a kan haruffan Ingilishi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Don haka idan taken saƙo na ɗauke da suna kamar Ɗambatta, ana naɗe shi ne cikin wasu alamomi da ke farawa da =?UTF-8? kafin a aika. Manhajar da ba ta warware wannan ba za ta zuba shirme a jadawali. Laburaren email na Python yana da umarnin decode_header don wannan aiki, kuma fayil ɗin da za a adana sakamakon shi ma a adana shi da UTF-8. Haka kuma saƙo ɗaya kan zo da siffa biyu, rubutu zalla da kuma shafi mai ado na HTML. Idan akwai rubutu zallan, shi ya fi sauƙin ciro adadin kuɗi daga ciki.

Alat na bogi

Duk ɗan kasuwa ya san labarin alat na bogi, kuma imel bai tsira daga gare shi ba. Layin da ke nuna mai aikowa rubutu ne da kowa zai iya ƙirƙira, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Manhajar da ta dogara da wannan layi kaɗai za ta shigar da kuɗin ƙarya a lissafi, a ɗora buhunan taki a mota a tafi.

Kariyar ita ce sa hannun lantarki mai suna DKIM, wanda uwar garken mai aikowa ke maƙala wa saƙo. Uwar garken mai karɓa kan tantance shi, ta rubuta sakamakon a kan saƙon a wani layi mai suna Authentication-Results. Manhaja ta duba layin da uwar garken mai akwatin ta rubuta da kanta, wanda ke can sama, ta tabbatar an rubuta dkim=pass kuma sunan yankin na bankin ne harafi da harafi. Ko da hakan, jadawalin na taimakon lissafi ne. Kafin a saki kaya masu tsada, a duba ragowar kuɗi a manhajar bankin.

Akwatin wa ake buɗewa?

Saurayin da ya iya wannan aiki zai iya samun abin yi da shi a shagunan taki, a wuraren POS, a ƙungiyoyin manoman rani, ko a ofisoshin makarantu. Amma izinin mai akwati wajibi ne. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'ura ko asusun wani ba da izini ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa bayanan mutane. Sanarwar banki na ɗauke da sunayen abokan ciniki, don haka jadawalin ma amana ne.

Hanya mafi aminci ga mai farawa ita ce ya buɗe sabon akwatin gwaji, ya tura wa kansa saƙonni goma, ya buɗe jakar da EXAMINE, ya ɗauko kawunansu kawai. Sai ya kashe data a tsakiyar aiki ya sake kunnawa, ya ƙirga layukan da ke jadawalin. Idan goma ne cif, babu ragi babu ƙari, manhajar ta isa a gwada ta a akwatin shago.