Daga Katako zuwa Jidda: tafiyar shekaru ta koma ta awa biyar

A kasuwar Katako ta birnin Yamai, inda ake cinikin katako, kwano da ƙarafan gini, inda kuma maƙera suke zuba tukwanen sanholo, ɗan kasuwa yakan shekara goma yana tara guzurin aikin hajji. Idan Allah ya nufe shi da biyan kujera, abin da yakan fara tambaya shi ne: mene ne nisan wurin, kuma awa nawa za a yi a sama?

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kilomita wajen 4,000 in an miƙe hanya. Jirgi yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda. In aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kama awa 5 zuwa 5 da rabi. Sai dai agogon Saudiyya ya riga na Nijar da awa 2. Saboda haka maniyyacin da ya bar Yamai da ƙarfe 8 na safe zai tarar da agogon Jidda ya wuce ƙarfe 3 na rana. Nisan nan kusan ɗaya ne da na Yamai zuwa Paris.

Kakanninmu kuwa da ƙafa da jakai suka ci wannan tazara. Sukan ratsa Borno da Wadai da Darfur, su gangara kogin Nilu, kana su shiga jirgin ruwa a Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Sukan yada zango su yi noma ko ƙodago domin guzuri, har tafiyar ta ci shekaru. Da yawansu ba su komo gida ba. Zuriyarsu tana nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno.

Abin lura shi ne, hanyar jirgi ma ta saman Cadi da Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ala tilas jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka yi zagaye. Hanya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kuɗin jigila ya hau.

Ashe ke nan lissafin kilomita kaɗai ba ya yanke tsawon tafiya. Yadda ayarin dā yake jiran labarin lafiyar hanya kafin ya ɗaura kaya, haka jirgin yau yake bukatar zaman lafiya a ƙasashen da yake ƙetarewa. Ya kamata maniyyacin Katako ya tambayi kamfanin da ya karɓi kuɗinsa hanyar da jirgi zai bi, da ko zai yada zango, tun kafin ya yi sallama da iyali.