Karatun Littafi Mai Tsarki a gida: Yadda Kiristocin Nijar ke riƙon ibada daga Lahadi zuwa Lahadi

Duk wanda ya taɓa zama a garuruwa irin su Maraɗi, Tsibiri, Galmi ko Damagaram ya saba ganin mabiya addinin Kirista ranar Lahadi da hantsi sun doshi majami'a, kowa da littafinsa a hannu ko a cikin jaka. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne halin da wannan littafi ke shiga daga Litinin zuwa Asabar. A wasu gidajen akan buɗe shi kowace safiya kafin a ɗora tukunyar koko, a wasu kuwa da zarar an dawo daga sujada sai a aje shi bisa kabad, ya yi ta shan ƙura har wata Lahadin ta kewayo. Fastoci da masu bishara sun daɗe suna kokawa a kan wannan bambanci, kuma suna da dalili.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Jamhuriyar Nijar ba. Majami'unsu a warwatse suke, kuma a karkara sau da yawa mai bishara guda ne ke kula da ƙauyuka da dama. Ga ma'aikacin gwamnati da za a iya tura shi aiki garin da babu majami'a ko ɗaya, ga kuma matasan da ke tafiya ci-rani Najeriya, Libiya ko Kodebuwa su shafe watanni ba su ji wa'azi da harshensu ba. Mutumin da ya dogara kacokan ga abin da fasto zai faɗa ranar Lahadi, to a irin wannan hali sai ya wayi gari hannu rabbana. Wannan ne ya sa karatun mutum shi kaɗai, da na iyali a cikin gida, ya zama ginshiƙin rayuwar wannan ƴar ƙaramar al'umma.

Yadda littafin ya shigo Hausa

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa ɗan ƙasar Damagaram yana cikin waɗanda suka fara sa hannu a wannan aiki. Dorugu, wanda aka haifa a yankin Kance, an kama shi bauta yana yaro, daga baya ya sami ƴanci ya zama yaron Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. A can ne ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Jacob Friedrich Schön, wanda ya ƙara gyara Hausarsa a bakin yaron. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, sannan a 1880 aka fitar da Sabon Alkawari.

Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa sai a 1932 ya fito, bayan aikin shekaru da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. A lokacin ƴan mishan na SIM sun riga sun sauka Damagaram tun 1924, suka kuma buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi kafin ƙarshen shekarun 1920, daga baya suka kafa asibitin Galmi a 1950. Abin da suka fi mai da hankali a kai shi ne koya wa mutane karatun Hausar boko, domin a fahimtarsu kowane mai bi ya wajaba ya iya buɗe littafin da kansa ba sai an karanta masa ba. Da yawa daga cikin dattawan majami'u na yankin Maraɗi ba su taɓa shiga lakwal ba, amma sun iya karatun Hausa sarai, kuma a cikin wannan littafi suka koya.

A 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ta fitar da sabuwar fassara mai sauƙin Hausa. Har yau akan gane wace fassara mutum ya tashi da ita daga sunayen da yake kira. Wanda ya ce Matta, Yohanna, Misalai da Ru'ya ta Yohanna, ɗan tsohuwar fassara ne. Wanda ya ce Matiyu, Yahaya, Karin Magana da Wahayin Yahaya, ta 1979 ya riƙe. Bayan waɗannan an sami wasu fassarorin, ciki har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa.

Yaya ake tsara karatun?

Maƙwabta Musulmi ba za su sha wahalar fahimtar wannan ba, tunda sun san yadda mai tilawa ke raba izu 60 a kan kwanaki har ya kai ga sauka. Littafi Mai Tsarki da ke hannun ƴan Furotesta ya ƙunshi littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari, na ƴan Katolika kuma 73. A cikin 66 ɗin akwai surori 1,189, daga ciki 929 na Tsohon Alkawari ne, 260 na Sabo. Wanda ke son sauke shi duka cikin shekara guda, lissafin da aka saba bayarwa shi ne sura 3 kowace rana, ranar Lahadi kuma 5. Wanda bai da wannan sukunin yana iya ɗaukar Sabon Alkawari kaɗai: sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, cikin mako 52 ya gama surori 260 daidai wa daida.

Akwai kuma tsarin da wani fasto ɗan ƙasar Sikotlan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa jama'arsa a 1842, wanda har yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Shi ya tanadi wajen sura 4 a rana daga wurare daban-daban, rabi na karatun iyali, rabi na mutum shi kaɗai, ta yadda a shekara za a sauke Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Wasu kuma sukan bi kwanan wata ne kawai: tunda Karin Magana sura 31 ce, ranar 7 ga wata sai a karanta sura ta 7, haka har wata ya ƙare.

Sai dai a nan ne da yawa ke kasawa. Sabon mai karatu kan fara da zafinsa ranar 1 ga Janairu daga littafin Farawa, ya ji daɗin labarin Ibrahim da na Yusufu, ya bi Musa cikin Fitowa, amma da ya iso Littafin Firistoci da dokokin hadayu, ko jerin sunaye da alƙaluman Littafin Ƙidaya, sai gwiwa ta yi sanyi. Shi ya sa malaman makarantun Littafi Mai Tsarki suka fi ba sabon shiga shawarar ya fara da Bisharar Markus, wadda sura 16 ce kacal kuma labari ne mai tafiya da sauri, ya haɗa da Zabura ɗaya a rana, kafin ya tunkari wurare masu wuya.

A ɓangaren ƴan Katolika, waɗanda ke da babbar majami'a a Yamai da kuma dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, karatun kowace rana an riga an tsara shi ga duniya baki ɗaya, na ranakun Lahadi yana kewayowa duk shekara 3. Suna kuma da wata daɗaɗɗiyar hanya da wani mai zuhudu a Faransa, Guigo, ya rubuta matakanta a ƙarni na 12: a karanta ɗan gajeren nassi a hankali, a yi ta juya shi a zuci, a mai da shi addu'a, sannan a yi shiru a natsu. Mai bin wannan hanya yana iya shafe rabin awa a kan aya 5.

Littafi ne, ba laya ba

Wata matsala da shugabannin majami'u ke yawan tsawatarwa a kai ita ce mai da littafin tamkar laya. Akwai masu sa shi ƙarƙashin matashin kai don maganin mugun mafarki, akwai masu barin sa a buɗe a kan Zabura ta 91 don tsari, alhali ba su karanta ta ba. Wasu kuma idan abu ya dame su sai su rufe ido su buɗe littafin, duk ayar da yatsa ya faɗa a kai su ɗauka ita ce amsar Allah, wanda hakan bai da maraba da duba.

Haɗarin tsintar aya guda a ware a bayyane yake. Marubutan littattafan ba su sa lambobin sura da aya ba. Rabon surori an danganta shi ga Stephen Langton, babban limamin Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551, don dai a sami sauƙin nemo wuri. Alal misali, wanda ya buɗe tsakiyar littafin Ayuba yana iya faɗawa kan maganar ɗaya daga cikin abokan Ayuba ya riƙe ta a matsayin koyarwa, bai san cewa a sura ta 42 Allah ya tsauta wa abokan nan saboda abin da suka faɗa ba. Haka kuma a Matiyu sura 4, Shaiɗan da kansa ya jawo aya daga Zabura ta 91 lokacin da yake jarraba Yesu. Don haka ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce su karanta abin da ya gabaci aya da abin da ya biyo bayanta, su tambayi kansu wa ke magana, da wa yake yi, kuma a kan me.

Wannan ba ya nufin mai karatu ya wadatu da kansa. Littafin Ayyukan Manzanni sura 8 ya kawo labarin ma'ajin sarauniyar Habasha da ke karatun littafin Ishaya a cikin karusarsa bai gane ba, sai da Filibus ya zauna kusa da shi ya yi masa bayani. A sura ta 17 kuma an yaba wa mutanen Biriya saboda kullum suna komawa ga nassi su tabbatar da abin da aka yi musu wa'azi. Abubuwan biyu tare suke tafiya, shi ya sa taron nazari na tsakiyar mako, da na matasa, da na Zumuntar Mata suke da muhimmanci: nan ne mai karatun gida ke kawo abin da ya shige masa duhu.

Hausa ko Faransanci?

A gidaje da yawa na birni, addu'ar safe da harshe biyu ake yin ta. Uba da uwa suna riƙe da littafin Hausa, yaran da suka yi lakwal kuma suna riƙe da fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910. Wasu matasan suna jin Hausa ras amma ba su saba karanta ta ba, saboda ba a koya musu ƙa'idar rubutunta ba. Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Inda Faransanci ke amfani da kalmomin da yaro bai taɓa ji a tsakar gida ba, Hausa tana cewa alheri, tana cewa gafara, tana cewa fansa, kalmar da Bahaushe ya san nauyinta tun zamanin da ake biyan dukiya a karɓo ɗan uwa daga hannun bauta. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, iyayen da suka zaunar da ƴaƴansu suna karanta sura guda da Hausa kowace rana sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Babbar matsalar dai ita ce rashin iya karatu gaba ɗaya. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai rabi ba, kuma abin ya fi tsanani a wajen mata da mutanen karkara. A nan wayar salula ta kawo sauƙi, domin akwai karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa da aka naɗa da murya, ana zuba shi a katin waya, mace tana daka ko tana tsinkar zogale tana saurare. Masu manyan wayoyi kuma suna da manhajoji irin su YouVersion, wadda ta fito tun 2008, masu ɗauke da fassarori da jadawalin karatu. Illar ita ce wayar da ke ɗauke da nassi ita ce kuma ke ɗauke da WhatsApp da TikTok, kuma saƙo guda ya isa ya raba mutum da surar da ya fara.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina manomi kan fita gona tun da jijjifi ya dawo a gajiye, don haka karatunsa kan taƙaita ga ƴan ayoyi da dare a hasken tocila. Da rani ne ake samun sararin dogon nazari da hadda. Gidajen da al'adar ta zauna da gindinta su ne waɗanda suka tsai da lokaci guda ba sa sauya shi, ko da minti 10 ne.

Darasin Janairun 2015

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutane 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone gomman majami'u, littattafai masu yawa suka tafi a cikin wutar. An kuma sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu har ƙura ta lafa. A makonnin da suka biyo baya, wasu sun yi sujada a cikin gidaje, wasu a filin majami'un da suka ƙone. Iyalan da suka saba buɗe littafin da kansu, da tsofaffin da suka haddace Zabura tun suna yara, su ne suka riƙe sauran a waɗannan kwanaki.

Shawarar da fastoci ke maimaitawa ga mai son farawa ba ta da tsawo: ya zaɓi fassarar da yake fahimta, ya tsai da lokaci, ya ɗauki littafi guda ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya aje ɗan littafin rubutu don tambayoyin da zai kai wa malaminsa. Idan kwana biyu suka kuɓuce masa, kada ya ce sai wata shekara, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.