GINI DA MOTA: HAƊURAN DA KE TATTARE DA AIKIN 'YAN KWANA-KWANA

Gabatarwa

Sunan da Bahaushe ya laƙaba wa ma'aikatan kashe gobara shi ne 'yan kwana-kwana, kuma galibin mutane sun ɗauka cewa aikinsu bai wuce su janyo mesa su feshe wuta da ruwa ba. Saboda haka in aka tambayi mutum abin da ke halaka ɗan kwana-kwana a bakin aiki, nan take zai ce wuta. Amma tarihin aikin ya nuna cewa sau da yawa harshen wuta bai ma kai ga jikin ma'aikaci ba, ginin da ya shiga ne ke rufta masa, ko hayaƙi ya shaƙe shi, ko kuwa wata mota ta kwashe shi a gefen titi yana cikin ceton waɗanda suka yi haɗari. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda gini ke zama tarko idan ya kama wuta, da yadda motar da ta yi haɗari ke iya cutar da mai ceto da wanda ake ceton baki ɗaya. An ɗauko yawancin misalan daga Amurka, domin a can an daɗe ana bin diddigin mutuwar ma'aikata ana rubutawa don na baya su amfana.

Abin da Ya Faru a Hackensack

Ranar 1 ga watan Yuli, 1988, wuta ta tashi a wani shagon sayar da motocin Ford da gyaransu a garin Hackensack na jihar New Jersey. Da 'yan kwana-kwana suka iso sai suka tarar ɗakin gyaran motoci babu wani hayaƙin kirki, domin wutar tana can sama tsakanin silin da rufi. Suka shiga suka tsaya a ƙarƙashinta suna neman hanyar da za su kai mata ruwa. Ba a yi sa'a guda ba rufin ya rufto. Mutum uku suka rasu a ƙarƙashin ɓaraguzai. Wasu biyu suka faɗa wani ɗan ɗakin ajiye kayan aiki, ƙofa ta toshe, suka yi ta kiran taimako ta oba-oba, amma saboda cunkoson maganganu a layi ɗaya ba a kai gare su ba har iskar da ke cikin tukwanensu ta ƙare. Jimla ma'aikata biyar ke nan.

Abin da ya kashe su shi ne irin rufin ginin. An yi shi ne da saƙar katako, watau an harhaɗa katakai kusurwa uku-uku, na sama ya yi gantsarwa kamar baka, na ƙasa ya miƙe kamar tsarkiya. Wanda ya san tsaikon ɗakin ciyawa zai gane hikimar: kowane itace ɗan'uwansa ne ke riƙe da shi. Amfanin wannan saƙa shi ne tana iya ƙetare fili mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, shi ya sa ake son ta a gareji da sito da manyan kantuna. Illarta kuwa ita ce in wuta ta cinye katako ɗaya ko mahaɗa ɗaya, saƙar dukkanta ce ke warwarewa, kuma ba ta ba da sanarwa. Daɗin daɗawa, a Hackensack an jibge kayayyakin gyaran motoci a cikin rufin, watau an ɗora wa saƙar nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Bayan wannan masifa ne jihar New Jersey ta wajabta liƙa wata alama mai kusurwa uku a jikin gine-ginen da ke da irin wannan saƙa, domin ɗan kwana-kwana ya san abin da ke bisa kansa tun kafin ya shiga.

Yadda Wuta Ke Cin Kayan Gini

Tun cikin 1971 wani masani mai suna Francis Brannigan ya wallafa littafi sukutum a kan ilmin gini domin 'yan kwana-kwana, saboda kowane irin kayan gini da yadda yake yi in ya ji wuta.

Katako mai kauri yakan ƙone daga waje, gawayin da ya yi ya kare cikinsa na ɗan lokaci. Siririn katako ba shi da wannan kariya. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka cikin 2008 sun nuna cewa daɓen bene da aka ɗora a kan siraran katakan zamani ya rufta cikin kimanin minti 6, alhali wanda aka ɗora a kan katako mai kauri irin na da ya kai fiye da minti 18. In aka tuna cewa kafin a ga wuta, a yi kira, mota ta iso, waɗannan mintoci shida sun riga sun wuce, sai a gane girman haɗarin.

Ƙarfe ba ya ƙonewa, shi ya sa mutane ke sakankancewa da shi. Amma idan zafi ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 a ma'aunin santigireti, ƙarfen gini yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya fara lanƙwashewa. Kafin nan ma yakan miƙe: ƙarfe mai tsawon mita 30 yana iya ƙara santimita 20 ko fiye, kuma wannan miƙewa ta isa ta ture bangon da yake zaune a kansa zuwa waje, inda ma'aikata ke tsaye. Saboda haka ne ake koya musu su nisanci bangon da ake zargi da gwargwadon tsawonsa ɗaya da rabi, ko kuwa su tsaya a kusurwar gini, domin kusurwa ta fi tsakiyar bango ƙarfi.

Kankare ya fi su juriya, amma danshin da ke cikinsa yakan zama tururi ya riƙa fasa shi yana ɓarewa, har rodin da ke ciki ya fito fili wuta ta same shi. Sa'an nan ga ruwan kashe gobarar kansa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, watau mesar da ke zubar da lita 1,000 a minti tana ƙara wa bene nauyin tan guda kowane minti, musamman in akwai kayan da ke shan ruwa kamar atamfa da takarda da katifa.

Hayaƙi da Tashin Wuta Gaba Ɗaya

Hayaƙin gobara guba ne, kuma makamashi ne. Yana ɗauke da iskar nan mai kisa da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, kuma in soso da roba ne ke ƙonewa akwai wata gubar da ta fi ta saurin kisa. Yayin da hayaƙi ya taru a ƙarƙashin silin, zafinsa ya kai wajen digiri 600, sai duk abin da ke cikin ɗakin ya kama wuta a lokaci guda. Kayan jikin ɗan kwana-kwana ba za su kare shi daga wannan ba sai na 'yan daƙiƙoƙi. Haka kuma wutar da ta rasa iska a rufaffen ɗaki takan lafa kamar ta mutu, amma da zarar an ɓalle ƙofa ko an fasa taga, iska ta shiga, sai ta tashi da ƙara kamar nakiya.

Misalin wannan shi ne gobarar wani katafaren kantin kujeru a birnin Charleston na jihar South Carolina, ranar 18 ga watan Yuni, 2007. Kantin cike yake da kujerun soso, rufinsa na saƙar ƙarfe ne, kuma ba shi da famfunan silin masu feshin ruwa da kansu. Hayaƙi ya cika tsakanin silin da rufi, daga baya ya sauko ya rufe wa ma'aikata ido har suka ɓace hanyar fita. Bayan an fasa gilasan gaba, wuta ta mamaye kantin, rufin kuma ya biyo baya. Ma'aikata tara suka rasu.

Dokokin Tsare Kai

Daga irin waɗannan asarori ne aka tsamo dokokin da ake koyarwa. Na farko, kafin a shiga, shugaban aiki ya zagaya ginin ya karance shi: babban zaure marar ginshiƙi alama ce ta saƙa a sama, tsagewar bango da hayaƙin da ke fita ta tsakanin bulo alamu ne na rushewa. Na biyu, ba mai shiga shi kaɗai. In mutum biyu sun shiga, wajibi ne wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri domin ceton su. Na uku, a lura da iska, domin tukunyar da aka rubuta mata minti 30 ba ta cika kai minti 20 ba ga mai aikin ƙarfi. Na huɗu, kowane ma'aikaci ya rataya wata 'yar na'ura mai ƙara wadda ke kururuwa da kanta in ya yi kimanin daƙiƙa 30 bai motsa ba. Na biyar, wanda shi ne mafi wuya ga jarumi, a auna abin da za a ceta da abin da za a iya rasawa. Ana sayar da rai domin ceton rai, amma ba a sayar da shi domin ceton kaya. A Hackensack motoci da kayan gyara ake ƙoƙarin tsirarwa.

Ceto a Haɗarin Mota

A ƙasashe da yawa 'yan kwana-kwana ne ke fitar da mutanen da mota ta matse. Babban kayan aikinsu shi ne wasu manyan almakashi da mabuɗai masu aiki da ƙarfin matsin mai, waɗanda George Hurst na Amurka ya fara ƙirƙirowa cikin 1961, bayan ya ga irin daɗewar da aka yi kafin a fitar da wani direban tseren mota. Ƙa'idar aikin ita ce a ɓare motar daga jikin mutum, maimakon a fisgo mutum daga cikin motar. Dalili kuwa shi ne wanda ƙashin wuyansa ko na bayansa ya tsage, in aka ja shi ta taga, ƙashin yana iya yanke laka, ya shanye har abada, alhali da an bi a hankali da ya warke. Sauri, in ji Bahaushe, ya haifi nawa.

Aikin yana da tsari. Da farko a gicciye motar kwana-kwana a bayan wurin haɗarin domin ta zama garkuwa daga motocin da ke tafe. Sa'an nan a tokare motar da ta yi haɗari da katakai don kada ta motsa, a kashe inji, a cire kan batir, a fara da wayar da ke haɗe da bodi don gudun tartsatsi. Wani ma'aikaci ya shiga ya riƙe kan majinyaci yana yi masa magana. Bayan nan ne ake cire gilas, a ɓalle ƙofofi, in ta kama a yanke ginshiƙai a ɗage rufin motar baki ɗaya.

Motocin zamani sun zo da nasu haɗuran. Jakar iskar da ba ta fashe ba lokacin haɗari tana iya fashewa daga baya, kamar yadda ta faru a garin Dayton na jihar Ohio cikin 1995, inda ma'aikata biyu suka ji rauni. Shi ya sa ake koya musu su bar tazarar kimanin santimita 25 daga sitiyari, santimita 50 daga gaban kujerar fasinja. A cikin ginshiƙan mota da gefen rufinta akan ɓoye 'yan tukwanen da ke hura waɗannan jakunkuna, saboda haka sai an ɓare robar ciki an duba kafin a sa almakashi. Motoci masu aiki da lantarki kuwa suna da wayoyi masu launin lemo waɗanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin kisa, kuma batirinsu yana iya sake kamawa da wuta sa'o'i bayan an kashe ta.

Darasi ga Ƙasar Hausa

Waɗannan bayanai ba na Turawa kaɗai ba ne. Rufin kwano da kafintoci ke ɗorawa a kan rafta a biranen ƙasar Hausa shi ma saƙa ce, kuma jerin shaguna a kasuwa sau da yawa sararin silin ɗaya ne ya haɗe su, ta yadda wuta za ta bi ta sama ta ƙetare shaguna goma ba a gan ta ba. Ɗabi'ar cusa kaya a cikin silin ita ce dai kuskuren Hackensack. Gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002 da ta kasuwar Sabon Gari a Kano ta 2016 sun isa shaida ga irin ɓarnar wutar kasuwa. Soron ƙasa ma da nasa haɗarin, domin in wuta ta ci azara, ruwa kuma ya jiƙa ƙasar da ke bisanta, nauyin da zai rufto ba kaɗan ba ne.

A kan titi kuwa, kafin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, su iso, jama'a ne kan fara kai ɗauki da gatari da ƙarfin tuwo. Niyyar mai kyau ce, amma sai an haɗa ta da sani: a tsayar da zubar jini, a riƙe kan majinyaci, kada a ja shi sai in wuta na neman cimma sa. In tankar mai ce ta faɗi, babban taimako shi ne a yi nisa. A garin Majiya na jihar Jigawa, cikin watan Oktoba na 2024, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu yayin da tankar da ta faɗi ta fashe bayan jama'a sun taru kewaye da ita.

Kammalawa

An ga yadda katako da ƙarfe da kankare ke yi in sun ji wuta, da yadda hayaƙi ke zama makamashi, da kuma tsarin da ake bi wajen fitar da wanda mota ta matse. Abin da ya haɗa su duka shi ne jarumtaka ba ta wadatar da ɗan kwana-kwana sai da ilmin abin da ya tunkara. Kuma tsaron lafiyarsa ba a wuyansa kaɗai yake ba: magini da ya rage rodi, da ɗan kasuwa da ya cika silin da kaya, da direban da ya ƙi rage gudu a wurin haɗari, duk suna da hannu a cikin komawarsa gida ko rashinta. Ya dace ɗaliban Hausa su taimaka wajen fassara wannan ilmi da daidaita kalmominsa, domin ya isa ga kafinta da ɗan kasuwa da ɗan kamasho cikin harshen da suke ji. Bahaushe dai ya riga ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.