Wuƙa a ƙarƙashin matashin kai: Kariya ce ko jawo wa kai fitina a Jabal Ali?

A watan azumin da ya gabata ne aka buga mini waya da misalin ƙarfe biyun dare, aka ce in yi maza in zo wani ɗaki a rukunin gidajen ma'aikata da ke yankin masana'antu na Jabal Ali. Ko da na isa, na tarar da samari shida sun yi cirko-cirko, ɗaya na zaune a bakin gado yana haki, ga wuƙar yanka nama yashe a ƙasa. Abin da ya haɗa su bai wuce cajar waya ba. Allah Ya kiyaye, wani ya riƙe masa hannu kafin a ga jini. Da na tambaye shi dalilin ajiye wuƙa a ƙarƙashin matashin kai, sai ya ce, "Yallaɓai, don ɓarawo na ajiye ta. A garinmu ba a kwana hannu rabbana."

Wannan amsa tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Duk wanda ya san halin da gida ke ciki ba zai yi masa dariya ba. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya saba da ajiye gora a bayan ƙofa, manomi da addarsa, mafarauci da bindigar toka. Da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce mazauna jihar su nemi lasisin mallakar bindiga. A Kano kuwa masu ƙwacen waya da wuƙa sun sa mutane da dama tafiya a ɗarare. Yaron da ya taso cikin wannan yanayi, ya sauka a Dubai, tsoronsa yana cikin jakarsa.

To sai dai Jabal Ali ba ƙauyen da ofishin 'yan sanda ke da nisan tafiyar yini ba ne. Gari ne da aka gina a kan tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1979 da yankin ciniki maras shinge da aka kafa a 1985, kuma tsaro shi ne jarinsa. Akwai ofishin 'yan sanda na Jabal Ali, akwai masu gadi a ƙofofin gidaje, ga kyamarori a lungu da saƙo. Lambar gaggawa ta 'yan sanda ita ce 999, ta motar asibiti 998, sannan 901 don ƙorafin da ba na gaggawa ba.

Batun bindiga ba ya buƙatar dogon bayani. Dokar tarayya mai lamba 17 ta 2019 ita ke kula da makamai da harsasai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma ɗan ƙasa ake ba lasisi, shi ma da sharuɗɗa. Ma'aikaci baƙo irinmu ba ya cikin lissafi, ko da ya shekara talatin a nan. Duk wanda ya ce zai samo maka bindiga ta bayan fage, rami yake gina maka.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne wuƙa, tunda babu ɗakin girkin da ba ta. Dokar hukunta laifuka mai lamba 31 ta 2021, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2022, ta amince da haƙƙin kare kai, amma ta gindaya sharuɗɗa. Dole haɗarin ya kasance yana gabanka a wannan lokaci. Dole ya zama babu halin kiran hukuma kafin ya auku. Dole ya zama babu wata hanyar kuɓuta. Sannan martaninka ya yi daidai da girman harin. Wanda aka mare shi ya zaro wuƙa ya wuce iyaka. Haka nan wanda ya bi ɓarawo da sara bayan ya juya baya yana gudu. Bugu da ƙari, dokar tana hukunta wanda aka kama ɗauke da abu mai kaifi a yanayin da ke barazana ga jama'a, in dai ba sana'arsa ko wani halattaccen dalili ne ya sa ba. Mahauci da wuƙarsa a mayanka daban, saurayi da ita a ƙugu a tashar jirgin ƙasa daban.

Idan aka yi rashin sa'a rai ya salwanta, diyya a ƙasar nan dirhami dubu 200 ce, ban da zaman gidan yari, ban da korar da ke jiran baƙo bayan ya gama wa'adinsa. Mai karɓar albashin da bai wuce dirhami dubu ɗaya ko biyu ba, a ina zai samo wannan kuɗi? Ƙarshenta iyayen da ya zo nema dominsu su ne za su sayar da gona.

Akwai kuma abin da samarinmu ba su cika lura da shi ba. Yawancinmu hayar gado muke yi, mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, ga zafi, ga gajiya, ga bashi. A irin wannan ɗaki, wanda wuƙar za ta fara samu abokin kwana ne, domin shi ne a kusa ranar da zuciya ta ɗebi mai ita. Ko a Amurka, inda tsarin mulki ya ba mutane damar riƙe bindiga, binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi daga hannun dangi ko na kusa.

Har ila yau, kada mu manta cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Daga watan Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 'yan Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a kan rufe ƙofar biza. 'Yan kasuwarmu na Deira da suka shekara da shekaru suna gina amana sun san yadda sunan ƙasa ke bin mutum har teburin mai ba da haya da mai ɗaukar aiki. Hoton bidiyo ɗaya na faɗa da makami ya isa ya rushe abin da dattawanmu suka gina.

Mene ne mafita? A gyara makullin ɗaki, kada a bar mabuɗi a hannun wanda ya tashi. Kuɗi su kwana a banki, fasfo da katin shaida a akwati mai kwaɗo. Wuƙa ta zauna a ɗakin girki. In ka ji motsin da ba ka yarda da shi ba, ka kulle ƙofa, ka tayar da maƙwabta, ka kira 999, ka faɗi sunan gini da lambar ɗaki. In rigima ce tsakanin 'yan ɗaki, a kawo wa shugabannin al'umma tun tana ƙarama.

Ga iyayenmu da suka daɗe a nan kuwa, roƙona shi ne duk baƙon da ya sauka a hannunku, ku zaunar da shi a makonsa na farko ku faɗa masa dokar gari. Shi wancan saurayi mun canza masa ɗaki, mun kuma sulhunta su. Wuƙar tana ɗakin girki, da ita muke yanka albasa.