Tsatsar da ke Kare Ƙarfe: Tsokaci a kan Rufin Fikafikan Injin Gas

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe tsatsa ɓarna ce. In ta kama garma ko kwano, an san kwanansa ya kusa ƙarewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tsokaci a kan wani muhalli da tsatsa take zama garkuwa, wato jikin fikafikan injin gas, irin wanda ke tuƙa jirgin sama ko samar da lantarki.

2.0 Yadda Ɓawon ke Tsirowa

Iskar da ke dukan fikafikan manyan injunan zamani takan haura digiri 1,500 a ma'aunin Selshiyas, alhali gaurayen nikel da aka ƙera su da shi yana fara narkewa ne a wajajen digiri 1,300. Don haka, ban da sanyaya su da iska ta ciki, akan yi musu rufi hawa biyu. Na sama tangaran ne na zakoniya mai ɗauke da yitiriya kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, haɗin da binciken hukumar NASA ta Amurka ya fito da ingancinsa a ƙarshen shekarun 1970. Na ƙasa kuwa ƙarfe ne mai yalwar alminiyum, shi ke riƙe tangaran.

Tangaran yana tare zafi, amma oksijin ratsa shi yake yi. Da ya isa hawan ƙasa sai ya haɗu da alminiyum, wani siririn ɓawo mai suna alumina ya tsiro a tsakani. Wannan ɓawo shi ne muka kira tsatsa, ko da yake faɗaɗa ma'ana muka yi, tunda ba ja ba ne, ba ya kuma marmashewa. Da yake oksijin da ƙyar yake keta shi, sai ƙarfen da ke ƙarƙashi ya tsira.

Sai dai kuma garkuwar nan ita ce ajalin rufin. Ɓawon yana ƙara kauri sannu a hankali, daga kimanin maikiron 1 zuwa wajen 10, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk lokacin da aka kashe inji ya huce, ƙarfe yakan tsuke fiye da alumina, sai ɓawon ya matsu, ya yi ƙoƙarin tanƙwarewa, tsagu su buɗe, har tangaran ya ɓantare. Haka nan idan alminiyum ya yi ƙaranci, tsatsar nikel mai saurin girma ce ke maye gurbi, ita kuwa ba ta kare komai. Ɗan sulfa kaɗan ma yakan raunana riƙon ɓawon, shi ya sa ake barbaɗa yitiriyum ko hafniyum a hawan ƙasa don su kame shi.

A ganinmu, ƙidayar awannin aiki kaɗai ba ta isa mizanin tsufan rufi ba. Injin da ake yawan kunnawa da kashewa ya fi saurin zubar da nasa.