Fijon mahaifina ta fara kuka, har na kusa sayen giyabos a banza

Fijo 504 ce mai layin kujeru uku, ita ce gadon da mahaifina ya bar mana. Irin motar nan ce da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, daga baya kamfanin PAN ya riƙa haɗa ta a Kaduna. Tamu ta girme ni. Ita ke kai Inna asibiti, ita ke ɗauko buhunan masara, kuma da ita aka shirya kai amarya, ƙanwata, daga Garwa zuwa Guider.

Saura mako biyu biki sai ta ɓullo da wani kuka, "wuuu", daga ƙasa. Na kai ta wani gareji. Yaron da na tarar bai ko shiga motar ba, ya ce giyabos ne, a sauya. Kuɗin da ya kira ya fi albashina na wata. Ni kuwa malamin makaranta ne, kowa ya san yadda aljihunmu yake.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon makanike da ya tsufa a cikin Fijo. Ya ce, "Malam, yaushe take kukan?" Na ce, "Wallahi Baba, kullum." Ya yi dariya. "Babu motar da ke kuka kullum. Tayar mu je."

Muka tsaya tukuna a ƙofar gareji, inji na aiki, giya a furi. Ya ce in taka kuloci, in saki. Shiru. Ya ce da ƙarar na zuwa ne idan an taka, boris ɗin kuloci ne. Da kuma tana nan a furi, sai an taka ta ɓace, to a nan ne za a fara zargin giyabos.

Muka hau hanyar Pitoa. Da mota ta ɗauki gudu sai kukan ya taso. Ya sa na sauya daga giya ta 3 zuwa ta 4 ba tare da na ƙara gudu ba. Muryar inji ta sauka, kukan bai canza ba. "Ka ji? Tayoyi yake bi, ba inji ba." Inda hanya ta yi fili ya ce in ɗan karkata sitiyari hagu da dama. Boris ɗin taya idan ya ci, gurnaninsa kan ƙaru idan nauyin mota ya koma gefensa. Namu ko gezau. Ya tambaye ni ko ina jin "ƙwas" idan na tashi daga tsaye, ko karkarwa a ƙarƙashin kujera, don wannan alamar farfela ce, wadda makanikanmu na nan ke ce wa kardan. Na ce a'a.

Gwaji na ƙarshe shi ne totur. In na taka, kuka ya taso. In na ɗaga ƙafa, ya lafa. Baba ya nuna baya da yatsa. "Pon ne." Wato aksul na baya, inda haƙoran ƙarfe biyu ke haɗuwa su karkatar da juyin farfela zuwa tayoyi.

Da muka koma ya kwance noti na ƙasan aksul. Man da ya fito bai cika gwangwani ba, launinsa kamar kunu, ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Nan na tuna ranar da na kutsa da ita cikin ruwan da ya kwanta a wata unguwa kusa da Binuwai, a watan Agusta. Ruwa ya shiga ya gauraya da mai, robar da ke tare man ta tsufa tana yoyo, boris ɗin ƙaramin haƙori ya ci har ya fara wasa. Allah ya taimaka haƙoran ba su lalace ba. Aka sa sabon boris da roba, aka daidaita haƙoran, aka zuba man giya mai kauri, lamba 90. Duka bai kai rabin kuɗin farko ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganarsa yana wanke hannu: aksul idan ya bushe yana iya cijewa ana cikin gudu, tayoyin baya su kulle. Da na sayi giyabos, da na ɗauki amarya da ƙawayenta da ciwon yana nan daram.

Don haka mai tsohuwar mota, kafin ka je gareji ka kashe rediyo, ka saurara, ka rubuta: a wane gudu take kukan, a wace giya, da totur ko babu, a miƙe ko a kwana. Bayan damina kuma ka sa a duba man aksul, ko da ba ta ce komai ba. Makaniken da ya yanke hukunci bai zauna a motar ba, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Mun kai amarya Guider lafiya. Ƙarar da muka ji a hanya ta guɗar mata ce kawai.